Ranar da Aku Ya Yi Tsit

Ƙawata, matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Ranar tseren amalanke, Aku ne mai shela, amma bakinsa sunan Barewa kaɗai ya sani. Jaki kuwa uwarsa makauniya ce, burinsa ta ji an ambace shi ko sau ɗaya.

"Inna, kasa kunne yau."

"Allah ya dafa maka, ɗana."

Aka tashi. "Barewa! Barewa ikon Allah!" Can sai Aku ya yi tsit.

Jaki ya zo na ɗaya, ya dawo ransa a ɓace. "Inna, bai faɗi sunana ba."

"Ai yana yin shiru na rangaɗa guɗa! Wa zai rufe bakin Aku in ba kai ba?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kada ki gaya wa kowa, ƙawata, Aku na da kunne.