Manomin da Ya Kwance Ɗorinsa

Akwai wani manomi wanda ya hau tsani da bazara domin ya gyara jinkar rumbunsa. Tsanin ya goce, ya faɗo, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. Saura kamar wata biyu ruwan shuka ya sauka, shi kuwa daga shi sai matarsa. In ƙafar ba ta warke ba, ba mai nome masa gona a shekarar.

Maɗori ɗaya ne a garin. Shi ne kuma mutumin da manomin ya taɓa zarga da matsar da iyakar gona, har ya kira shi ɓarawo a gaban dagaci da jama'a. Da aka bincika, sai aka tarar ruwa ne ya ture dutsen iyakar. Manomin ya ba da haƙuri ciki-ciki, maɗorin ya ce, "Na yafe, ya wuce." Shekara uku ke nan da yin haka, amma manomin bai taɓa gaskata maganar ba, gama ya san da shi aka yi wa wannan cin fuska, da bai yafe ba.

Matar ta je ta kira maɗorin, ya zo ba da jinkiri ba. Ya sa maƙwabta biyu suka riƙe manomin, ya ja ƙafar a hankali har bakin ƙashin ya koma daidai da ɗan'uwansa. Ya naɗe ta da tsumma, ya jera kara kewaye da ita, ya ɗaure da igiya. Sa'an nan ya ce, "Kwana arba'in, maƙwabci. Kada ka taka, kada ka kwance. Ko ƙaiƙayi ya ishe ka, ka bar ta."

Da ya fita, manomin ya ce wa matarsa, "Kin ga saurin da ya yi? Mutumin da na kunyata, ya zo har yana haki. Dama ya samu."

Matar ta ce, "Maigida, da ya yi jinkiri ma da ka ce da gangan ne. Sha kununka."

Kwana biyu ɗaurin yana matse shi, ya ce a ransa mugunta ce, so ake jini ya tsaya ƙafar ta mutu. A rana ta biyar kumburi ya saɓe, ɗaurin ya yi sako-sako, ya ce ashe dama ba a ɗaure da kyau ba. Maɗorin ya zo ya ƙara matse igiyar, ya yi masa sannu, ya ce zai dawo bayan mako uku. Manomin ya bi hannuwansa da kallo tun daga farko har ƙarshe, bai ga abin kamawa ba. Wannan ya ƙara tayar masa da hankali, ya ce lalle mutumin ya ƙware wajen ɓoye mugunta.

A mako na uku, ranar kasuwa, matar ta tafi sayar da gyaɗa. Manomin ya ja ƙyaure, ya zauna a bakin gado, ya kwance igiyar, ya zare karan ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta yi fari-fari, ta yamutse, tana ɓarewa kamar ta maciji. Tsokar ta zube, ƙafar ta zama siririya, ba ta kai ta hagu ba ko kusa. Da ya shafa wurin karayar, sai ya ji wani ƙullutu a ƙarƙashin fata, mai kauri kamar ƙwan kaza, a inda dā ƙashi yake sumul.

Ya ce, "Ga shi nan. Ya karkata mini ƙashi, ya rufe da tsumma."

Ya ɗauko man kaɗanya ya shafa, ya sa babban yatsa ya yi ta murza ƙullutun. Ya kama diddige yana juyawa dama da hagu, wai ya miƙe abin da aka karkata. Ya cije leɓe, gumi yana zuba, har ya ji wani abu ya saki a ciki. Ya mai da karan, ya ɗaure, ya kwanta. Kwana huɗu yana haka duk lokacin da matar ta tafi rijiya. Ƙullutun ya ragu, ƙafar kuwa ta kumbura, zafin ya dawo sabo.

Da maɗorin ya dawo, ya durƙusa, ya dubi igiyar. Ya kwance, ya taɓa wurin, ƙashin ya motsa a hannunsa.

Ya ce, "Ina ƙullutun da ya kamata in tarar a nan?"

Manomin ya ce, "Na murje shi. Ka zaci ba zan gane ba?"

Maɗorin ya ce, "Maƙwabci, ai shi ne warkewar. Ni ba na haɗa ƙashi, daidaitawa kawai nake yi in ɗaure. Ƙashin ne da kansa yake fitar da abin da zai liƙe shi, da taushi yake farawa, sannu a hankali ya yi ƙarfi. Mako uku jikinka yana gini, ka rushe shi da hannunka."

Ya kira maƙwabtan nan biyu, ya sāke jan ƙafar, ya sāke ɗaurewa, bai faɗi wata baƙar magana ba. A wannan karo manomin bai taɓa ba. Amma ruwan shuka ya zo ya wuce yana kwance, matarsa ta shuka abin da ƙarfinta ya iya, kashi ɗaya cikin uku. Ƙashin ya kama daga baya, sai dai ƙafar ta gajarta da faɗin yatsa biyu. Da ɗingishi ya yi sauran kwanakinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, karayar nan zunubi ne da ɓatawar da ke shiga tsakaninmu da Allah, da tsakaninmu da juna. Maɗorin shi ne Ubangiji Yesu, wanda muka yi wa laifi, ya kuwa zo da sauri sa'ad da muka faɗi. Ɗorin shi ne gafarar da ya ba mu. Manomin kuwa shi ne mutumin da ya ji an ce an gafarta masa, amma yana auna zuciyar mai gafarar da tasa.

Ku lura da abubuwa ukun da manomin ya gani. Fatar da aka rufe takan yi fari ta ɓare, in ta sha iska sai ta koma yadda take. Tsokar da ba ta aiki takan zube, in aka soma tafiya sai ta ciko. Ƙullutun kuwa sabon ƙashi ne, jiki yakan goge shi da kansa in ya gama aikinsa. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, duk ya ga abin da yake akwai. Zargi ne ya fassara masa su.

Haka yake a cikin ikkilisiya. Mutum biyu sun shirya a gaban dattawa, amma gaisuwarsu ba ta koma kamar dā ba, hira ta yi siririya, akwai wani ɗan tudu a tsakani da kowa yake ji. Sai ɗayan ya ce, "Dama na sani bai yafe ba." Ya soma ƙirga sau nawa aka gaishe shi, ya aika a jiyo masa abin da aka ce a bayansa, ya tono tsohuwar maganar don ya ga ko fuska za ta sauya. Kowane gwaji irin wannan murza ce a kan ƙashin da bai gama kamawa ba. Wani ma da Allah yake yin haka: ciwo kaɗan ko asara, sai ya ce ana rama masa zunubin da ya riga ya tuba a kansa.

In akwai wanda ya ce maka ya yafe, ka karɓi maganarsa yau. Za ka ji ƙaiƙayin son dubawa a mako mai zuwa, da wanda ke biye. Ka kai ƙaiƙayin nan ga Ubangiji cikin addu'a, ka ɗauke hannunka daga igiyar.