Garin da Bawale Ya Bayar

Dalilin da ya sa wanda ya kasa kacici-kacici yake cewa "na ba ka gari", alhali ko akurkin kaza bai mallaka ba, shi zan gaya muku yau. Kai Sagiru, matso kusa, don da kai nake. Jiya ina jinka ka ba Hindatu Kano, ka ƙara mata da Zariya, ka ɗora mata Daura, sannan ka lallaɓo kana roƙona ƙanzo. Sannu mai garuruwa.

A da can ba haka ake yi ba. In an yi wa mutum kacici-kacici ya juya ya rasa, sai ya ce "ban sani ba", a faɗa masa, a yi dariya a wuce. Ban taɓa jin wanda faɗin haka ya kashe ba.

To, a wani gari da ake kira Rafin Ɗinya an yi wani mai gari, sunansa Bawale. Ba azzalumi ba ne, hannunsa kuma a sake yake. Ciwonsa ɗaya ne: tun da aka yaye shi ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba. In ka tambaye shi yaushe ruwa zai sauka, zai yanka maka rana. In ranar ta zo sama garau, sai ya ce hadarin ne ya makara. In akuyarka ta ɓace, ya san inda take sarai, nemowa ce dai ba aikin sarauta ba.

Yana da taubashiya mai suna Ladingo, 'yar kawunsa, tare suka tashi. Kun dai san wasan taubasai, maganar da wani zai faɗa a ɗaure shi, taubashi zai faɗa a yi dariya. Ladingo tana son ɗan'uwan nan nata ƙwarai, amma halin nan nasa ya tsaya mata a wuya, sai ta ɗaura niyyar sai ta ciro kalmar daga bakinsa.

Wata rana da la'asar, bayan an gama girbi, Bawale na zaune gindin durumi da mutanen gari, sai ga Ladingo. Ta durƙusa irin durƙuson tsokana ta ce, "Ranka ya daɗe masanin duniya, kulun kulufita."

Ya ce, "Gauta."

Ta ce, "Bawana baƙi, da safe ya fi ni tsawo, da tsakar rana ya shige ƙarƙashin ƙafata."

Bawale ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyara zaman riga. Can ya ce, "Wannan ai tun ina goye na san shi. Sai dai bai dace mai gari ya tsaya ja-in-ja da ƙanwarsa a gaban jama'a ba. Na ba ki akuya, ki faɗa wa mutanen nan su ƙaru."

Ta ce, "Inuwa ce."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ashe ke ma kin sani."

Washegari ta dawo da wani: uku na ɗauke da ɗaya, ɗaya na ciyar da gida. Wannan ma ya san shi, ba shakka, don haka ya ba ta saniya domin talakawa su ji cewa murhu ne da tukunya. Haka aka yi ta yi. Doki ya tafi, rumbu ya tafi, gonar fadama ta bi baya. Ilimi dai yana nan cike da cikin Bawale, gidan ne ya zama wayam.

Ran nan Ladingo ta zo, ta ce a ranta yau kam babu sauran abin da zai bayar, dole ya faɗa. Ta ce, "Kai ne mai gari, amma ita ce a samanka. Kullum kai ke ɗaukarta, ba ta taɓa ɗaukarka ba."

Gumi ya karyo wa Bawale. Ya cire hularsa ya yi fifita da ita, ya sosa kai, ya mayar. Ya sake cirewa, ya ƙura mata ido, ya mayar. Jama'a kowa ya sunkuyar da kai, don har kurman garin ya gane. Bawale ya laluba abin da ya rage masa a duniya bai sami komai ba, sai ya gyara murya ya ce, "Na ba ki gari."

Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, garin da muke zaune a ciki?"

Ya ce, "Kuna da wani ne ban da shi?"

Ladingo ta ce a hankali, "Hula ce."

Ya ce, "To don me kuke tsammani nake ta cire ta ina nuna muku?"

Nan Ladingo ta ga wasa ya wuce gona da iri. Ta matso ta ce, "Yaya, wallahi ba garinka nake so ba. Akuyarka da saniyarka da dokinka suna nan, ko gashinsu ban taɓa ba. Ka ce 'ban sani ba' sau ɗaya tak, ka karɓi kayanka duka, mu koma yadda muke."

Mutane suka yi ta roƙonsa, tsofaffi har da hawaye, don suna sonsa. Bawale ya buɗe baki kamar zai faɗa. Sai ya ce, "Magana zarar bunu ce. Kuma yaya zan yi ƙarya a kan abin da na sani?"

Da gari ya waye ya ɗauki sandarsa da buta. Ladingo ta bi shi har bakin rafi tana kuka, ta ce, "Yaya, yanzu ina za ka?" Ya ce ya san inda za shi, ya kama hanyar da kowa ya san a cikin taɓo ta ƙare.

Daga nan ya shiga duniya. Duk garin da ya sauka aka yi masa kacici-kacici, sai ya ce, "Na ba ku gari." In an ce wanne, ya ambaci duk wanda ya zo bakinsa, tunda nasa ya riga ya tafi. Mutane suka ga ai wannan dabara ce mai araha, ba ka yi asarar ko tsinke ba, ba ka kuma ji kunya ba, sai kowa ya ɗauka. Ita kuwa Ladingo riƙon garin kawai ta yi. Kullum sai ta sa an share masa zaure, duk fataken da za su wuce ta ba su saƙo: gari yana nan, sharaɗi bai canja ba. Har ta tsufa ta rasu tana duban hanya, bai zo ba. Ni wannan wurin ne yake ba ni tausayi.

Shi ya sa har yau in kacici-kacici ya gagari mutum, ya gwammace ya kyautar da gari sukutum da mutanen cikinsa da ya ce bai sani ba. Duk jikokin Bawale ne.

Me ka ce, Sagiru? Ina Rafin Ɗinya yake a yanzu? Kai dai ka cika tambaya. Jeka, na ba ka Katsina.