Karan Barau da Karan Cindo

Dalilin da ya sa lambobin agogon lantarki suke a kakkarye, ku matso in gaya muku. Kai, bar tsokanar ƙanwarka.

A da lambobi a lanƙwashe suke, sumul, babu tsagi. A lokacin akwai wasu 'yan'uwa biyu, Barau da Cindo, masu noman rani a fadama ɗaya da injin ban ruwa ɗaya. Barau albasa, Cindo tumatir. Suka rataye agogo mai hannu a jikin giginya domin kowa ya san lokacinsa na ban ruwa.

Gonar Barau tana hagu, ta Cindo tana dama. In Barau ya hango agogo sai ya ga da saura. In Cindo ya hango sai ya ga har an ci masa lokaci. Ran nan suka kama tiyo, wannan ja, wannan ja, har ya rabu biyu. Suka daina magana. Tumatir ya fara yaushi, albasa ta kwanta.

Yayarsu Tabawa ta zo da kanta. Ta sauke agogon ta ɗaure a bakin zane.

"Daga yau ni kaɗai zan duba shi. Zan jera muku lokaci a ƙasa, manya-manya. Kowa ya kawo kara."

Suka kawo. Ta gwada lanƙwasa kara ta yi lamba shida, ya karye. Ta sake, ya karye. Sai ta ce, "To, a haka zai zauna." Ta yanka guntaye bakwai, ta ga ba lambar da ba sa fitarwa. Na tsaye karan Barau, na kwance karan Cindo.

Barau ya ce, "Yaya, ki gaya masa kada karansa ya taɓa nawa."

Cindo ya ce, "Yaya, ki gaya masa dama ban so."

Tabawa ta bar ɗan tsagi a kowace gaɓa.

Da aka zo kan lamba ɗaya, sai ga karan Barau biyu kawai. Cindo ya ce, "Yaya, ina nawa?"

"Ɗaya ba ta da kwance, Cindo."

"To kada ta tsaya mini a tsakiya."

Aka tura ta gefe. Suka ɗaure tiyo da roba, ruwa ya gudana, tumatir ya farfaɗo. Sai da aka kwashe amfani suka gaisa, a taƙaice.

Wani mai gyaran agogo da ya zo sayen albasa ya ga jerin karan, ya kai labari wurin masu ƙerawa. Suka kwaikwaya har da tsagin, don sun ɗauka ado ne.

Shi ya sa har yau, ko a agogon masallaci ko a jikin famfon gidan mai, guntayen ba sa taɓa juna, lamba ɗaya kuma tana raɓe a gefe. Ɗigo biyun nan da ke ƙiftawa a tsakiya kuwa, idanun Tabawa ne. Har yanzu ba ta yarda da su ba.