Furen da Ba Ya Shan Ruwan Rani

Akwai wani mutum, manomin albasa ne a fadama. Wata shekara matarsa ta dawo daga ziyara a wata ƙasa mai nisa da kawuna uku na wani furen daji, kamar ƙananan albasa, amma ba a cin su. Ta binne biyu a ƙofar ɗaki, ɗaya a bayan rumbu. Kowace shekara, kwana uku bayan ruwan farko, sai farin fure ya ɓullo a kan siririn kara, tun ganye bai fito ba.

Ana nan sai matar ta rasu. Da rani ya yi, ganyen ya bushe ƙamas. Hankalin mutumin ya tashi, gama furen nan ne kaɗai abin da ta bari mai rai. Ya shiga zuba wa na ƙofar ɗaki ruwa safe da yamma, yadda yake yi wa albasarsa.

Wata tsohuwa, aminiyar marigayiyar, ta ce masa, "Maƙwabci, ai ita ba ta ba shi ruwa da rani. Barci yake yi."

Ya ce, "Haba Iya! Shekara talatin ina noman albasa, ni za ki koya wa?"

Da ya ga furen bai tsiro ba, ya tona. Kawunan biyu sun ruɓe, sai wari. Ya zauna a wurin ya yi kuka.

Damina ta faɗi. A rana ta uku ya zaga bayan rumbu neman fartanya, sai ga farin fure tsaye, inda ya manta bai taɓa zuba ko ɗigo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, kan furen shi ne zuciyar wanda muke ƙauna, wanda maganar Allah ta riga ta shiga. Rani shi ne lokacin da ya yi sanyi a ibada, har mu ce bangaskiyarsa ta mutu. Ruwan mutumin kuwa shi ne mitarmu da faɗanmu. Da ƙauna muke yi, na sani, amma da tsoro a ciki. Ni ma na yi, na kuma ga abin da ya ruɓe.

In kana da ɗa ko ɗan'uwa da ya yi shiru, kada ka tone shi kullum don ka ga ko yana da rai. Ka yi masa addu'a, ka bar ƙofarka a buɗe. Mai aiko da ruwan farko bai manta da bayan rumbu ba.