Batiri Biyu, Kwali Iri Ɗaya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, tunda waya ce ta jawo maganar.

Tasi'u sana'arsa gwada kayan lantarki a bidiyo. In ya ce abu na da kyau, a ruga kasuwa. Wani kamfani, ba zan ɓata bakina da sunansa ba, ya aiko masa da batirin sola. Ya gwada sati guda, batiri ya yi aiki, ya yabe shi har da rantsuwa. Ashe marasa tsoron Allahn nan iri biyu suke yi: na kirki na mai bidiyo, na banza na talaka, kwali iri ɗaya.

Mudi tela ya saya a kan maganarsa. Ana saura kwana biyar Sallah batirin ya kama da wuta, wutar ta cinye shagonsa da ɗinkin mutum arba'in. Aka kama Tasi'u, wai an saye shi ya yi ƙarya. Mabiyansa da ke kiransa gwani jiya, su suka fara tsine masa. Wannan butulcin har yau yana ci mini rai.

Kamfanin ya aika a karɓo batirin gwajin. A gidan Sa'ade yayar Tasi'u batirin yake, ta jona firjin zoɓonta da shi. Suka lallashe ta, suka yi mata barazana. Ta ɗauko muciya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ku kuka kawo da hannunku. Wallahi ba ya fita sai ƙanena ya fito!"

Daga ranar dillalin kamfanin ya hana a sayi zoɓonta a layinsu na kasuwa, ta yi ta asara.

Suka je wa Mudi da sabon keken ɗinki, wai ya ba su ƙonannen batirin kawai. Mutum ne da masu kaya ke tsare masa ƙofa, kuma Tasi'un ne ya jawo masa. Ya daɗe yana kallon keken, sannan ya ce su ɗauke abinsu, shi so yake ya san abin da ya ƙona shi.

Saura mai buɗe batiran. Masu gyara duk suka noƙe, don a wurin dillalin suke sayen kayan aiki. Nafi'u kaɗai ya yarda. A tsakiyar kasuwa, ana ɗauka a waya, ya kwance batiran biyu. Na Sa'ade cike da kayansa. Na Mudi rabinsa yashi ne, yashin rafi! Kafin sati an kore shi daga rumfarsa.

Alƙali ya ga bidiyon ya saki Tasi'u. Ya fito a rame, ya tara su ukun.

"Yaya, Malam Mudi, Nafi'u, na daina yarda da idona," ya ce. "Zan ba ɗayanku lambar sirrin shafina. Daga yau ba bidiyon da zai fita sai ya amince."

Ba don Sa'ade ba, babu na kirkin. Ba don Mudi ba, babu na banzan. Ba don Nafi'u ba, da har yanzu a rufe suke, Tasi'u kuma yana ɗaure.

To, ku da za ku sayi abin da shafin nan ya yaba gobe, a hannun wa kuke so lambar ta zauna?