Yalwa da Uwar Maƙera

Ga ta nan, ga ta nanku.

Haka ake amsawa, ciki-ciki kamar masu zazzaɓi? Ni da ake aiko wa goro daga ƙauyuka don in buɗe baki, ku kun shimfiɗa mini tabarma mai rami, amsar ma kuna yi mini rowarta. A sake. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Yauwa. Kun ci sa'a ni mai haƙuri ne.

Wata mata ce wai ita Yalwa. Mijinta ya rasu, ya bar mata gona, da 'ya'ya ƙanana, da ƙwaryar irin gero, da wani tsohon gatari marar ƙota. Ran nan ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita gona. Yalwa ta ɗaga sunguminta na shuka ta sari ƙasa, sungumi ya ce ƙas, ya rabe biyu.

Ta je aro. Kun san ranar shuka ko wadda ta haife ka ba ta ara maka sungumi. Danshi kuwa baƙo ne. In ya tafi ba ka shuka ba, bana sai ka ci iska.

Sai ta ɗauki gatarin nan ta nufi maƙera, wurin Sarkin Maƙera Cindo. Shi Cindo yana da wata ɗabi'a. Kowace safiya, tun kafin ya hura wuta, sai ya ɗauki masaba, wato gudumar ƙira, ya yi ta dukan uwar maƙera, babban ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kai. Ba komai a kanta. Tan, tan, tan, don dai gari ya san ya tashi.

Yalwa ta ce, "Sannu da aiki, Maƙeri."

Ya ce, "Sarautar fa, a hanya kika yar da ita?"

Ta ce, "Sarauta ba ta shuka gero. Ka mayar mini da gatarin nan sungumi."

Ya ce, "To, ki dawo da kaka."

"Da kaka me zan shuka?"

"Bakin nan naki. Na ga ba ya bukatar ruwa."

Ta ce, "In ba ka ƙera ba, ni zan ƙera."

Cindo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ƙira gado ce. Ubanki maƙeri ne? Wanda bai gada ba, in ya taɓa masaba, Sarkin gari karɓe gonarsa yake yi."

Yalwa ta ce, "Gonar da ba shuka, a karɓe mana."

Rana ta take, Cindo ya tafi gida cin tuwo da barci. Yalwa ta shiga rumfa. Ta ga uwar maƙera a durƙushe. Da yake an yi mata tarbiyya, ba kamar wasu da nake gani a nan ba, sai ta rusuna ta ce, "Inna, sannu da rana."

Uwar maƙera ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Wa ya kira ni Inna? Suna ce mini uwa, suna ce mini uwa, ba wanda ya taɓa tambayata yaya bayana. Daga yau ke 'yata ce. Amma 'yata ba ta farawa da masaba. Je ki wurin tagwaye."

Tagwayen su ne zuga-zugi, fatun akuya biyu masu hura wuta. Na dama ya ce, "Ni za ki fara dannawa." Na hagu ya ce, "A'a, ni ne babba." Yalwa ta ce ba ta da lokacin shari'a, ta danne su tare. Fuu, toka ta tashi ta rufe mata fuska. Tagwaye suka yi ta ƙyalƙyala.

Uwar maƙera ta ce, "In ɗaya yana magana, ɗaya ya saurara."

Ta danna dama, ta danna hagu. Dama, hagu. Gawayi ya buɗe ido. Yalwa tana zuga tana waƙa:

Ba gado ba, ba gado ba,
Ko wuta ma ƙyasta ta aka yi.

Kashegari danshi ya ja da baya. Cindo ya tafi barci, Yalwa ta shigo. "Inna, yaya bayan?" Uwa ta ce, "Da sauƙi. Je ki wurin awartaki."

Awartaki mai dogon baki ya ce, "Ni ne yatsunki. Kada ki taɓa komai sai da ni." Ta kama gatari da shi, ta sa a wuta, ya yi ja. Ta fitar, ta ajiye, ya koma baƙi. Ta ce ai ya huce. Ta yar da awartaki, ta kai hannu.

Hannu ya ce cau.

Ba ta yi kuka ba. Irina ce, mu ba ma kuka a gaban kayan aiki.

Awartaki ya ce, "Ƙarfe in ya yi ja, gaskiya yake gaya miki. In ya yi baƙi, munafuki ne."

Ta ɗaure hannu da tsumma, ta koma zuga.

Ba gado ba, ba gado ba,
Ko wuta ma ƙyasta ta aka yi.

Rana ta uku, danshi ya naɗe tabarmarsa, yana neman takalmi. Yalwa ta shigo, ta gaida uwa. Uwa ta ce, "Yau ɗauki masaba. Amma ki ji. Ɗora mini ƙarfen a baya kamar goyo. Shi za ki daka, ba ni ba. In ya huce, mayar da shi wuta, sanyayyen ƙarfe ba ya jin magana."

Ta zuga, ta kama, ta ɗora, ta daka. Ta zuga, ta kama, ta ɗora, ta daka. Gatari ya yi ta faɗi, ya yi ta faɗi, har ya zama sungumi. Kyakkyawa? Ina. A karkace yake kamar bakin mai tsaki. Amma sungumi ne.

Ƙarar ta tada Cindo. Ya zo da gudu, ba hula, yana ihu har Sarki ya taso da kansa, gari na biye.

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ta taɓa masaba, ba ta gada ba."

Sarki ya ce, "Yalwa, 'yar wa ce ke?"

Ta nuna uwar maƙera. Ta ce, "Ga innata."

Cindo ya ce, "Ƙarya take. Wannan uwata ce, uwar ubana, uwar kakana."

Yalwa ta ce, "Uwarka ce?"

"Uwata ce."

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Wa gari ke ji kowace safiya yana dukan uwarsa?"

Jama'a suka kama baki. Cindo ya ce, "A'a, ai ba uwa ba ce ta gaske, ƙarfe ne kawai."

Yalwa ta ce, "To, ashe ƙarfe ne kawai. Ina gadon?"

Cindo ya nuna ta da yatsa. Ya ce, "Ai ke ma kin dake ta."

Ta ce, "Ni goyo na ba ta. Abin da ke bayanta na daka."

Sarki ya dubi uwar maƙera ya ce, "Iya, me kika ce?"

Uwa ta ce, "Bayana ciwo yake. Ita kaɗai ta tambaya."

Sarki ya ce shari'a ta ƙare. Yalwa ta riƙe gonarta, ta riƙe masabarta. Cindo kuwa kowace safiya ya durƙusa ya gaida uwarsa kafin ya hura wuta.

Yalwa ba ta tsaya jin sauran ba. Ta sa ƙota, ta ruga gona, ta kama danshi yana bakin ƙofa. Tana sara, 'ya'yanta suna zuba iri suna takewa. Ramuka duk a karkace. Gero ya fito a miƙe.

Ƙurungus, kan ɓera ya faɗa toka. Duk wanda ya ce maka sana'a gado ce, ka tambaye shi wa na farko ya gada. Ka gaida kayan aiki, ka haƙura da ƙuna, hannu zai koya. Mai cewa ƙarya na yi, ya zo ya duba hular nan tawa, ga inda tartsatsin Yalwa ya huda ta. Har yau ba wanda ya saya mini wata.