Yaɓen Ɗakin Matar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ya ku masu sauraro masu daraja, waɗanda Allah Ya hore wa haƙurin jin maganar dattijo.

Ta zo mu saurara, Malam.

Dattijo Kunkuru ya gina wa matarsa ɗaki, ita kuwa tsufa ya riga ya tafi da ganinta. Damina ta matso, bango yana nan tsirara, ruwan farko zai iya zubar da shi.

Ya ce, "Uwargida, da me za mu suturta bayan ɗakin nan? Zana ko farar ƙasa?"

Ta ce, "Malam, zana abincin gara ce, farar ƙasa kuwa sai mai ido. Yi mini yaɓen makuba. Ruwa ba ya cin ta, in na fita kuma ƙamshinta zai dawo da ni gida."

Kunkuru ya yi ta jan ƙafa yana tara ɓawon ɗorawa, wanda da shi ake makuba, ya shanya a kan tabarma. Akuya ta biyo ta cinye tas.

Da ya tsare ta, sai ta sunkuyar da kai. "Baba, wallahi na ɗauka shara ce."

"Shara a kan tabarma, 'yar nan?"

Yana shirin fushi sai ya jiyo matarsa tana ƙyalƙyala dariya, abin da ya daɗe bai ji ba. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya gyara murya, ya yanka wa Akuya tara: ta tsinto wani ɓawon, ta cuɗa ƙasa da kofatonta, kuma har yaɓe ya bushe, ita ce 'yar jagorar tsohuwa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan tawa ta tsaya.